Motar Tubalan Roba Mai Tafiya da Kanta

 Yau a filinmu na kimiyya da ƙere-ƙere zancen mota za mu yi, amma motar da ake ɗauka da hannu biyu a ɗora a kan tebur. Ita ce wadda mutum kan zauna ya harhaɗa da tubalan roba irin na kamfanin LEGO, ya sa mata inji da giya da sitiyari, ya dire ta a ƙasa ta kama hanya. Na san wani zai ce, "Haba malam, a kan kayan wasan yara za a cinye mana lokaci?" A yi haƙuri a gyara zama. Kafin mu rabu, in Allah ya yarda, har makanikai sai sun ji an taɓo sana'arsu.

A shekarar 2018, a filin gwajin motoci na Ehra-Lessien da ke ƙasar Jamus, wani tsohon direban tsere ɗan Ingila mai suna Andy Wallace ya shiga mota ƙirar Bugatti Chiron ya tayar da ita. Daga nesa ba ka raba ta da ta gaske, don girmansu ɗaya. Sai ka matso za ka ga ashe da gutsattsarin roba fiye da miliyan ɗaya aka yi ta. Ƙananan injinan lantarki 2,304 ne suke tura ta, kowannensu ba zai cika tafin hannun yaro ba, nauyinta kuwa ya kai tan ɗaya da rabi. Ta yi tafiya. Gudunta ya ɗan haura kilomita 20 a awa, alhali yayarta ta gaske tana taka 420.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin nan shi ne abin da aka ɓoye a ciki. Duk da kuɗin kamfanin LEGO da ƙwararrunsa, sai da suka yi wa motar ƙashi na ƙarfe, suka kuma sa mata tayoyin Bugatti na gaske. Roba tana da iyakarta. Tana lanƙwasa, tana murɗewa, haƙorinta yana cinyewa. Duk mai son ƙera tasa motar, ko da tsawonta bai wuce kamu biyu ba, da wannan iyakar zai yi ta kokawa daga farko har ƙarshe, kuma kokawar ce take mai da wasan ya zama karatu.

Tarihin a gurguje. Wani kafinta ne mai suna Ole Kirk Christiansen ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932. A 1958 ɗansa Godtfred ya yi rajistar tubalin roba mai 'yan maɓallai a sama da bututu a ƙasa, wanda in ka danna ɗaya a kan ɗaya sai su kama juna gam. Tubalin da aka yi a waccan shekarar har gobe yana shiga na yau. Taya ta zo a 1962, ƙaramin inji mai aiki da batir ya biyo baya a 1966. Sai a 1977 aka fito da jerin kayan da daga baya aka raɗa wa suna Technic, masu huji a jiki, da giyoyi, da sandunan juyi. Daga nan ne manya suka fara ƙwace wa yara abinsu. Zuwa 1994 an riga an fito da wata mota mai lamba 8880, wadda duk tayoyinta huɗu suna ja, duk huɗun suna karkata in an murɗa sitiyari, ga giya huɗu ana canjawa da hannu.

To amma wanda ya sayo kwali, ya buɗe littafin da ke ciki, ya bi shafi-shafi har mota ta tashi, tunanin wani ya bi. Ba laifi ba ne, da haka kowa yake farawa, kuma hannu yana sabawa. Sai dai mu a yau da ɗaya rukunin muke, masu zazzage kwalaye wuri guda, su ture littafin gefe, su ce tifa nake so, ko katafila, ko a-kori-kura irin wadda na gani a hanya. Akwai su a duniya da yawa. Wani ɗan ƙasar Folan, Paweł Kmieć, wanda aka fi sani da Sariel, har littafi guda ya wallafa a kan harkar a 2012. Wani Bajafane kuma, Yoshihito Isogawa, littattafansa kusan babu rubutu a ciki, hotuna ne kawai na yadda giya take kama giya, ta yadda wanda bai iya Turanci ko Jafananci ba ma zai ƙaru.

Daga ina ake farawa? Sabon shiga daga bodi yake farawa, don shi ne abin da ido yake gani. Gwanaye kuwa daga taya suke farawa. Dalili kuwa, tsawon mota da faɗinta a hannunka suke, ka ƙara tubali ko ka rage, amma taya yadda aka zubo ta daga masana'anta haka za ka same ta. Saboda haka ita ce take yanka wa sauran jiki ma'auni. Akwai wata taya da ake yawan amfani da ita, faɗinta daga baki zuwa baki ya ɗan haura santimita 6. Tayar ƙaramar mota ta gaske kuwa takan kai wajen santimita 60 da 'yan kai. Kun ga ke nan komai za a raba shi gida goma. Motar da tsawonta mita huɗu da rabi ne za ta dawo santimita 45. Tsakanin huji da huji a jikin kayan nan milimita 8 ne, saboda haka tsawon motarka zai kama huji 56. Tun ba ka taɓa tubali ba ka riga ka san inda tayar gaba za ta zauna, da inda ta baya za ta zauna, da ɗan filin da ya rage maka na cusa inji da batir. Kullum kuwa filin ba ya isa.

Sai ƙashin mota, wanda komai zai hau kansa. A nan akwai wani ɗan lissafi mai daɗi. Tsayin tubali ɗaya milimita 9.6 ne, siririn falle kuma 3.2. In ka ɗora tubali a kan tubali kawai, maɓallai ne suke riƙe da su, da inji ya yunƙura sai su ɓalle. Amma in ka sa falle biyu a tsakanin tubalai biyu masu huji, tazarar hujin sama da na ƙasa za ta zama milimita 16 cif, wato huji biyu. Sai ka ɗauko wata sanda mai huji ka tsayar da ita a gefe, ka soka ƙusar roba sama da ƙasa. Shi ke nan ka ɗaure su, ko jefar da abin ka yi ba zai rabu ba. Kayan zamani yawancinsu sanduna ne sumul marasa maɓalli, da ƙusoshi kaɗai ake haɗa su. Masu aiki da su sukan sa faɗin mota ya zama mara, huji 9 ko 11 ko 13, don a samu layi ɗaya a tsakiya sak wanda farfela za ta bi ta kai juyi baya.

Ƙusoshin nan ma a lura da launinsu. Baƙa tana da 'yan gaɓoɓi a jiki, tana kamawa tsam, ita ce ta ɗauri. Ruwan toka kuwa santsi gare ta, ita ce ta wurin da ake so abu ya juya. Yaro zai sa baƙa a wurin ruwan toka, ya wuni yana zargin batir.

Yanzu mun zo kan giya, kuma a nan za mu ɗan daɗe, don a ganina wanda ya gane giya ya gane rabin aikin.

Injinan da kamfanin ya fito da su a 2007 da sunan Power Functions sun yaɗu sosai a hannun masu wannan harka. Matsakaicinsu yana juyawa wajen sau 400 a minti in ba a ɗora masa kaya ba. Babbansu kuwa wajen sau 220 ne, amma ƙarfin murɗarsa ya ninka na matsakaicin fiye da sau uku. A ce ka ɗauki matsakaicin ka haɗa shi kai tsaye da tayar nan tamu. Juyi ɗaya na tayar yana cin ƙasa kusan santimita 20. Sau 400 ke nan kusan mita 80 a minti, daidai da tafiyar mutum mai ɗan sauri. In ka ɗaga motar sama, tayoyi za su yi ta wulwulawa, abin sha'awa. Ka dire ta a kan tabarma, sai ka ji inji yana gurnani, mota ko motsi. Sauri ya yi yawa, ƙarfi ya yi kaɗan.

Maganinsa giya. Giyoyin da aka fi sani masu haƙori 8 ne, da 16, da 24, da 40. Ka sa mai 8 a bakin inji, ka sa mai 24 ta kama ta. Sai ƙaramar ta juya sau uku kafin babbar ta juya sau ɗaya. Saurin ya ragu gida uku, ƙarfin murɗa ya ninku uku. In mai 40 ka sa, gida biyar ne. In kuma ka jera hawa biyu, uku a farko uku a gaba, tara ke nan, don ninkawa ake yi, ba tarawa ba. Wannan shi ne abin da direban tifa yake yi in ya ɗauko yashi ya tunkari tudu: ya dawo lamba ɗaya, inji yana ihu, mota tana rarrafe, amma tana hawa. In ka juya lissafin, babba a bakin inji ƙarama a wajen taya, za ka samu gudu, sai dai ɗan tsakuwa ma zai tsayar da kai. Babu wata dabara a duniya da za ta ba ka duka biyun daga inji ɗaya. Abin da ka ƙara a nan, can ka rage shi.

Ga wani sirri da zai hutar da ku gwaje-gwaje. In kana son sanin tazarar da giya biyu za su zauna su kama juna daidai, haɗa yawan haƙoransu ka raba da 16. Mai 8 da mai 24 sun ba da 32, a raba da 16, huji biyu. Mai 8 da mai 40 sun ba da 48, huji uku. Mai 24 da mai 40, huji huɗu. In lissafin bai fita cif ba, to a layi ɗaya ba za su zauna lafiya ba, sai an yi musu wata dabara.

Akwai wata ƙara da duk mai wannan sana'a ya sani, kuma ba ya son jin ta. Mota ta doshi tudu, ta dafe, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga cikinta. Haƙoran giya ne suke tsallake juna. Ka kifa motar ka duba da kyau. Za ka ga sandunan da suke riƙe da giyoyin suna buɗewa kaɗan duk lokacin da inji ya ja, abin da bai fi kaurin farce ba, amma ya isa haƙori ya kuɓuce. In an daɗe ana yi, za ka ga wani gari-gari na roba a gindin giyar, bakin haƙoran mai 8 sun yi kumba, sun kwanta gefe guda. Wani lokaci ka zaro aksul, wato sandar juyin nan mai bakin kuros, ka tarar ta murɗe kamar an tufka ta. Sabon shiga sai ya ce inji ne ya yi rauni, ya ƙaro na biyu, ɓarnar ta ninku. Laifin na ƙashi ne. Kowace giya tana son a tallafe aksul ɗinta gaba da baya, kusa-kusa, a kuma ɗaure sandunan biyu da wata ta gicciye don kada su sami damar buɗewa.

Sannan a kula da wurin da ake rage saurin. In tun a bakin inji ka rage shi gida tara, to duk wannan ƙarfin zai bi ta farfela da kowace mahaɗa har ya kai taya, kuma mafi rauni a cikinsu ita za ta karye. Gwanaye sukan bar juyin ya yi ta tafiya da sauri marar nauyi, sai dab da taya su rage shi. Masu ƙera manyan motoci ma haka suke yi. Motar Unimog ta kamfanin Mercedes-Benz giyoyi gare ta a cikin gindin kowace taya, abin da yake ƙara mata ƙarfi ya kuma ɗaga cikinta daga ƙasa. Da LEGO suka fito da tasu Unimog ɗin a 2011, da wannan tsarin ta zo, masu ƙera motocin daji kuwa suka yi wa gutsattsarin rubdugu.

Akwai wata giya mai siffar sukuru, Turawa tsutsa suke ce mata. Juyinta ɗaya haƙori ɗaya kacal take turawa, saboda haka in ta kama mai 24, an rage sauri gida 24 a taki ɗaya. Kuma ba a tura ta ta baya: inji zai juya kaya, kaya ba za su juya inji ba. Ta dace da ɗaga bodin tifa ko igiyar kuren, inda ake so abu ya tsaya cak a inda aka bar shi. Amma ni ba na ba da shawarar a ja mota da ita. Gugar da take yi tana cinye ƙarfi da yawa, ga zafi. Akwai kuma wata farar giya mai haƙori 24 da aka yi ta da kuloci a ciki. In nauyi ya wuce kima sai cikinta ya zame, ta ceci sauran. Wajen sitiyari da makamantansa tana da rana.

Mu je ga shan kwana. Wanda ya taɓa kallon hawan sallah ya ga yadda jerin mahaya suke karya kwana kafaɗa da kafaɗa: dokin da ke ciki sai ya rage taku, na bakin waje kuwa sai an sakar masa linzami, in ba haka ba layi ya watse. Tayoyin mota ma haka ne, ta waje tafiyarta ta fi ta ciki tsawo. In aksul ɗaya ya ɗaure su biyun, dole ɗaya ta ja ƙasa, mota ta riƙa turjewa tana neman miƙewa. Abin da yake raba wannan gardama shi ne difaransha, ƙullin nan da kuke gani a tsakiyar ƙafar baya ta babbar mota. Na roba bai fi girman goro ba. Gida ne mai haƙora a waje, a cikinsa akwai ƙananan giyoyi uku masu haƙori 12. Ka riƙe motar a sama ka juya tayar dama gaba da hannu, za ka ga ta hagu tana komawa baya. Yaron da ya haɗa wannan da yatsunsa sau ɗaya ya fahimci abin da zane goma a allo ba zai fahimtar da shi ba. Tun 1980 aka sa shi a wata mota mai lamba 8860.

Sai dai difaransha yana da halinsa. Ƙarfi yana bin inda ya fi sauƙi. Da taya ɗaya ta ɗaga sama ko ta faɗa yashi, sai ita kaɗai ta yi ta wulwulawa, wadda take a kan ƙasa mai ƙarfi kuwa ta yi tsaye. Duk direban da ya taɓa kafewa da damina ya san wannan. A ƙasashe irin su Folan, masu wannan harka suna da gasar da suke fita da motocinsu waje, a kafa 'yan ƙofofi a kan duwatsu da saiwoyi da gangare, a ga wadda za ta ratsa. Da yawa daga masu shiga irin wannan gasa cire difaransha suke yi gaba ɗaya, ko su yi masa makulli. Sun yarda su sha wuya a kwana, da dai su kafe a kan dutse. Wato tun kafin ka fara gini sai ka san ƙasar da motarka za ta taka. Ta siminti daban, ta tsakuwa daban.

Sitiyari ba zan ja shi da nisa ba. Ƙaramar giya ce take tura wata sanda mai haƙora dama da hagu, sandar kuma ta ja tayoyin gaba. Abin lura ɗaya ne: a kwana, tayar ciki ya kamata ta fi ta waje karkata. Wani maƙerin keken doki a birnin Munich, Georg Lankensperger, shi ya gano yadda za a yi haka, aka yi rajistar dabarar a Ingila a 1818 da sunan wakilinsa Rudolph Ackermann, har yau kuma sunan wakilin ne ya bi ta. A ƙaramar mota marar nauyi, in ba ka yi ba ma za ta tafi. Abin da ya fi damun mutane shi ne sako-sako. Kowace mahaɗa ta roba tana da ɗan wasa, in suka yi yawa sai ka ga mota tana tafiya tayoyin gaba suna rawa. A rage yawan mahaɗai tsakanin inji da taya, shi ne kawai.

Nauyi kuwa, akwatin batir ne uban kaya. Batir shida yake ci, irin na tocila ƙanana, su ba da bolt 9. Da yake shi ake tunawa a ƙarshe, sai a ɗora shi a sama ko a rataya shi a baya, mota ta zo hawa ta ɗaga kai ta wuntsila. Wurinsa ƙasa-ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, kuma a bar ƙofar da hannu zai shiga, don abin haushi ne a ce sai an rushe rabin mota kafin a canja batir.

Ga wasu abubuwa biyu da suka shafe mu nan ƙasashen rana. Rimot ɗin kayan 2007 da haske yake aiki, irin na talabijin, wanda ido ba ya gani. A cikin ɗaki lafiya lau, amma a tsakar gida da rana tsaka hasken rana yana danne shi, kana dannawa mota tana yi maka kunnen ƙashi. Sababbin kayan da aka fito da su daga 2019 da Bluetooth suke aiki ta wayar hannu, su rana ba ta dame su ba. Na biyu ƙura. Yashi in ya shiga tsakanin aksul da huji, sai ya yi ta cin robar a hankali har ramin ya yi faɗi. Bayan an yi wasa a waje, a kakkaɓe da tsohon buroshin haƙori, kuma kada a bar kayan a rana ko a cikin mota rufaffiya. Iyaye mata kuma a taimaka a sa ido: ƙusoshin nan ƙanana ne ƙwarai, yaron da bai kai shekara uku ba baki yake kai komai.

Na san tambayar da take ran mutane da yawa: nawa ne? Gaskiya da tsada. Babban kwali mai injina ya fi ƙarfin yawancin gidaje, ba a nan kaɗai ba, har a can inda ake yin su. Amma akwai hanyoyi. Kariyar da doka ta ba ainihin tubalin ta ƙare tun 1978, shi ya sa wasu kamfanoni, musamman na ƙasar Sin irin su CaDA, suke yin kayan da suke shiga na LEGO a kan farashi mai sauƙi, ko da yake ingancin irin waɗannan kaya ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Akwai na hannu, waɗanda ake sayarwa ɗaiɗai a kasuwar intanet ta BrickLink da aka kafa a 2000. Ita wannan kasuwa tana da wata manhaja kyauta mai suna Studio, wadda mutum zai gina motarsa cikakkiya a kwamfuta, ya ƙirga gutsattsarin da yake buƙata, kafin ya kashe ko sisi. Sai dai kwamfuta ba za ta yi maka ƙas-ƙas ba, saboda haka ba za ta gaya maka inda ƙashi ya yi rauni ba. Makarantu kuma, kwali biyu ko uku sun ishi aji guda in an raba yara rukuni-rukuni, tunda kaya ne da ake warwarewa a sake ginawa shekara da shekaru.

Kuma kada mu manta, yaranmu ba baƙin wannan aiki ba ne. Wanda ya fere kara ya yi gingimari, ko ya buɗe gwangwani ya yi bodi, ya yanka tsohon silifa ya yi taya, ya ciro ɗan inji daga mataccen rediyo ya ɗaura masa batir, matsalolin da muka lissafa yau duk ya gamu da su. Shi ma injinsa yana wulwulawa a sama ya mutu a ƙasa. In ya sa ƙaramin kwarkwaro a bakin injin, ya sa babba a jikin aksul, ya haɗa su da robar ɗaure kuɗi, ya yi abin da mai 8 da mai 24 suke yi, ko da ba a taɓa gaya masa sunansa ba. Fifikon tubalan roba ɗaya ne, wato ma'auninsu ba ya canjawa, saboda haka ana iya ƙirgawa, a yi hasashe, a gwada, a ga ko lissafi ya yi daidai. Irin waɗannan yara su nake so malaman kimiyya su fara nema in kayan nan sun shigo makaranta.

Wanda ya samu kayan kuma, ga shawarata a kan motar farko. A bar maganar ƙofofi da fitilu da kujeru tukuna. A yi ƙashi tsirara, tayoyi huɗu, inji ɗaya na ja, akwatin batir a tsakiya. A samo katako mai tsawon mita ɗaya, a jingina bakinsa a kan bulo, a sa motar ta hau. In ta hau, a ƙara tsayin. A ci gaba da ƙarawa har ta gaza, sannan a duba yadda ta gaza. In inji ne ya yi shiru yana gurnani, a kashe shi nan take kada ya yi zafi, a ƙara rage giya. In tayoyi ne suke zamewa, nauyi ne bai zauna a kansu ba, ko tayar ba ta da kamu. In ƙas-ƙas aka ji, a koma kan ƙashi. In kuwa ta wuntsila, batir ya yi sama da yawa. Abu ɗaya ake canjawa a kowane gwaji, a rubuta a takarda, don in ka canja uku a lokaci guda ba za ka san wanne ne ya yi maganin ba. Sai ƙashin ya ci wannan jarrabawa sannan a yi masa bodi, kuma a sake gwadawa bayan an yi, don bodin ma nauyi ne.

Lokaci ya yi mana halinsa, amma ga aikin gida, musamman ga 'yan makaranta da ke tare da mu. Inji yana juyawa sau 300 a minti. A bakinsa akwai giya mai haƙori 8, tana kama mai 24. A kan aksul ɗin mai 24 ɗin akwai wata mai 8, ita kuma tana kama mai 40, wadda take juya taya. Sau nawa tayar za ta juya a minti ɗaya? In kuma kowane juyi yana cin santimita 20, mita nawa motar za ta yi a mintin? A yi lissafi a ajiye, za mu kawo amsa a shiri na gaba, inda za mu duba yadda ake sa wa irin waɗannan motoci sifirin da giyabos mai canjawa.